La'asar ɗin da Na Toshe Kunnena

To a waƙa ta bakwai ne fa abin yake, ta ƙarshe. Sai an yi kusan minti tara ana tafiya a hankali, piyano tana ɗigowa ɗaya-ɗaya kamar famfon da bai rufu da kyau ba, mawaƙin yana jan wata siririyar murya can sama, har ka ce ai shi ke nan, a haka za su tashi. Sai mai ganga ya shigo. Ba da ƙarfi yake farawa ba, ya buga ɗaya ya tsaya, ya sake buga ɗaya ya tsaya, kamar mutum yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya san babu kowa. Daga nan jita ta taso daga ƙasa, kuma wallahi ba za ka ce jita ce ba, sun ja ƙararta sun miƙe ta har ta koma gurnani. Komai ya riƙa hawa yana hawa, ka ji ƙirjinka ya cika, ka ce yanzu za su sake ka, su ƙi. Na ji wurin nan ya fi sau ɗari, kuma har yau idan ya zo sai na riƙe wani abu.

Faifan wasu mutanen Aisland nake ba ku labari, ƙasar ƙanƙara. Shekara biyu ina neman wanda zan zaunar in sa masa shi daga farko har ƙarshe, ban samu ba. Kuma shi ne a kunnena lokacin da aka yi wa mahaifina salla a Harami. Ban halarta ba, ban ga yadda aka sa shi a kabari ba, alhali abin da mahaifiyata ta aike ni in gano mata ke nan. Har yau ba ta san ban gani ba.

Bari in koma baya kaɗan. A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife ni, a nan aka haifi Baba ma. Kakanmu ne ya zo hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Larabci ya fi zama a bakina, Hausar da kuke gani ta gida ce, wadda Umma take yi mana faɗa da ita, rubutunta kuma a waya na koya wa kaina. Idan kun ga ta karkace ku yi haƙuri. Ina aiki a wani shagon gyaran waya a titin Mansur, canjin gilashi, canjin batir, wanke wadda ta faɗa ruwa. Duk wayar da na gyara wa lasifika sai na gwada ta da wani sauti mai ƙasa da sama kafin in miƙa wa mai ita. Wata rana ina neman abin gwaji sai wayar ta kawo mini wani hoto, farin fili babu kowa, da rubutun da ban iya karantawa ba. Na danna. Mai wayar yana tsaye yana jira, ni kuwa na manta da shi.

Mai shagonmu, wani dattijo mai barkwanci da muke ce wa Ammu, shi ya fara yi mini tsiya. Ya ce wane mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya lalace a shagon nan, a kashe shi kafin ya kama da wuta. Na ce Ammu kiɗa ne. Ya ce to masu kiɗan sun iso ne ko har yanzu suna hanya? Daga ranar duk wanda ya kawo waya mai ƙara sai ya ce a ba wa yaron nan, shi ne gwanin abin da ke kuka ba dalili.

Ni dai na bi abin. Babu wanda ya koya mini, da fassarar waya na riƙa karanta duk abin da na samu a kansu. Na gano su huɗu ne, kuma a wani tsohon rumbun kifi a bakin teku suka ɗauki faifan, shi ya sa a waƙa ta biyu kake jin sarƙa tana gogar ƙarfe, ba kayan kiɗa ba ne, jirgin ruwa ne a waje suka bar shi ya shiga. Na gano a ƙasarsu akwai watannin da rana ba ta daɗewa a sama. Ku tuna ni mutumin Makka ne, inda ƙarfen ƙofa yake ƙona hannu da azahar, ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firji. Amma na sa abin nan a kunne sai in ji sanyi yana bin bayana. Kalma ɗaya ban sani ba a yarensu, ban ma nemi sani ba. Waƙoƙin bakwai ne, ba amshi, ba abin da za ka rera a hanya, awa ɗaya da 'yan mintuna. Kuma ba a tsinka shi. Wannan dokar ni na kafa wa kaina: ba a jin ta biyar sai an bi ta cikin ta huɗu, domin ta huɗu ce take gajiyar da kai yadda ta biyar za ta same ka a buɗe. Saboda haka duk lokacin da zan ji, sai in sa wayar a yanayin jirgi, ba kira ba saƙo, in toshe kunne da samma'a, wato abin sauraro na kunne, irin mai kashe ƙarar waje, wadda wani ya bari a shago na gyara da hannuna.

Wurin ji ma ina da shi. Sama da gidanmu, inda aka riga aka tashi mutane aka rushe, akwai wani ɗaki da ya rage da rufinsa, bangonsa shuɗi, har da ƙusar da aka rataye agogo. Daga tagarsa kana hango kan hasumiyar agogon Harami. Can nake hawa.

Baba mai tsire ne a Mansur, shekara talatin da wani abu a kan garwashi ɗaya. Ba ya son kiɗa, kuma bai taɓa ɓoye mini ba. Amma shi ba mai duka ba ne, da baki yake gama mutum. Lokacin da ƙodarsa ta fara ba shi wahala ya daina fita, wata rana na same shi a zaune a soro yana jin zafi, na ce Baba ga wani abu mai sanyi. Na sa masa samma'a ɗaya a kunne. Ya saurara ya fi yadda na zata, yana kallon ƙasa. Can ya cire ya miƙo mini.

“Rasuwa aka yi musu ne?”

Na ce a'a Baba, haka kiɗansu yake.

“To Allah ya ba su haƙuri duk da haka. Kai kuma Allah ya shirye ka, auta. Kawo mini ruwa.”

Sau ɗayan ke nan. Na yi ta murna a raina wai ya ji har minti uku.

Kwana uku ya yi a mustashfa, asibiti ke nan, ni ne a wurinsa, ya cika da hantsi ranar Talata. Ni na rufe masa ido, ni na kira Kawu, yayan Umma, wanda shi ya san kan takardu a danginmu. Kawu ya zo ya karɓi komai ya ce in tafi gida in zauna da uwata, idanuna sun yi ja.

Ku da kuke gida Najeriya ko Nijar, dole in yi muku bayanin yadda ake yi a nan, in ba haka ba ba za ku gane ba. A Makka kowa burinsa a yi masa salla a Harami. Idan takardar izinin binnewa ta fito, tasrihi muke ce mata, sai a kai mamaci wurin wanka, daga can mota ta kai shi Harami kafin sallar farilla da ke gaba. Liman yana sallamewa a yi shelar sallar jana'iza, a jera duk waɗanda aka kawo, biyar ne ko goma, cikin minti biyu an gama. A ɗauke su da gudu, da gudu nake nufi, a sa a mota, sai maƙabartar Shara'i can bayan gari. Kaburburan a shirye suke tun tuni. Ba suna, ba rubutu, dutse ne kawai a kai irin na kowa. Ba a jiran ɗa, ba a jiran ɗan'uwa mai zuwa daga Jidda. Kuma mata ba sa shiga.

Da na iso gida mata sun riga sun cika shi. Umma tana ƙuryar ɗaki, ta shiga takaba ke nan. Ta sa aka kira ni, ta ce wa Yaya, babbar yayata, ta ja ƙofa. Ba ta kuka. Ta ce mini babanta ba ta san inda yake kwance ba, innarta ma haka, 'ya'yanta biyu da suka rasu kafin a haife ni, an fita da su a hannu ne aka dawo hannu wofi, babu wanda ya zauna ya ba ta labari.

“Wannan ina so in sani. Ba lamba nake so ba, na san suna da lamba a ofis. Kai nake so ka sauka. Ka kwantar da shi, ka kwance masa ƙullin likkafani da hannunka, ka duba ko ya kalli alƙibla daidai. Ka zo ka faɗa mini. Ka ji ko?”

Na ce na ji, Umma.

Bayan azahar Kawu ya bugo ya ce tasrihin bai fito ba, mai sa hannun ya fita, da wuya a samu magariba ma, mu sa rai da isha. Ya ce in ci wani abu in kwanta. Ina zan kwanta? Ko'ina mata, ko'ina takalma, wannan ta riƙe ni ta yi kuka, waccan ta tambaye ni me ya faɗa a ƙarshe, alhali bai faɗi komai ba, numfashi kawai ya yi ta ja. Ni kuma hawayen ya ƙi zuwa. Tun safe nake jin kamar an cusa mini tsumma a maƙogwaro. Sai na tuna akwai abu ɗaya da ya san hanyar buɗe wurin. Na lissafa, isha da sauran awa shida, faifan awa ɗaya ne. Ban gaya wa kowa ba, na zame ta bayan gida na hau tudu.

Na zauna a shuɗin ɗakin nan, na jingina da bango. Hannuna da kansa ya sa wayar a jirgi, ban ma yi shawara ba, abin da na saba ne.

Waƙa ta farko ba ta da ganga ko kaɗan, iska ce da wata ƙara mai kauri a ƙasa, kamar babbar mota tana tsaye a nesa ba a kashe ta ba. Ta biyu sarƙar nan. A ta uku ne muryar take fara fitowa, kuma ranar sai na ji kamar ba waƙa yake ba, kira yake, irin kiran da kake yi wa wanda ya riga ya sha kwana. Ta huɗu ta yi aikinta, ta niƙa ni. Ta biyar tana shigowa da wasu ƙananan ƙararrawa kamar cokali a kofin shayi, sai ga Baba a idona yana juya tsire yana kaɗa mafici, yana yi wa mai saye ciniki da Larabci yana zaginsa da Hausa a hankali. A nan tsumman ya fita. Na yi kuka irin wanda ban san ina da shi ba, da baki buɗe, ni kaɗai a gidan mutanen da ban sani ba. Ta bakwai ta zo ta ɗaga ni ta yar.

Da ya ƙare na duba agogon wayar. La'asar ma da saura. A nan ne wurin da nake komawa kullum. Abu ɗaya zan taɓa layi ya dawo, daƙiƙa biyu, aikina ne, na fi kowa sanin yadda ake yi. Amma na ji sauƙi a karon farko tun kwana uku, na ji tsoron in sauka tsumman ya dawo. Na ce sau ɗaya kuma. Na mayar da shi farko.

Daga baya da na bi lokutan saƙonnin, na ga na farkon Kawu ya shigo ina cikin ta shida a jin farko. Mai sa hannun ya dawo da wuri, tasrihi ya fito, an samu wuri a wurin wanka, za a kama la'asar. Da na buɗe layin a tsakanin nan da na gani, da na isa har wanka.

Za ku ce kiran salla fa, a Makka? Masallatan saman tudun an rufe su tun da aka tashi mutane, na ƙasa kuma samma'ar tana cinye su. Amma ba zan rantse ban ji komai ba. A ƙarshen ta shida akwai wasu muryoyi can nesa da suka saka, kuma a ji na biyu na lura kamar sun fi yawa, har na ce a raina kai, ashe akwai abin da ban taɓa kamawa ba a faifan nan. Na ji daɗin hakan ma.

Da gangar ƙarshe ta mutu na cire samma'ar, inuwar tagar ta riga ta kai tsakiyar ɗaki. Na buɗe layi. Wayar ta yi ta rawa a hannuna ta ƙi tsayawa. Kawu, Yaya, mijin Yaya, Kawu, Ammu mai shago, Kawu. Na ƙarshen daga Yaya ne, kalma huɗu: an shiga da shi.

Ban san yadda na sauko ba. Na faɗi sau biyu a kan ɓaraguzai, na dafa da tafin hannu na tashi. A bakin titi na tare mota na ce Harami. Direban ya dube ni ya dubi agogo ya ce jana'iza ce? Na ce eh. Ya ce an sallame tun ɗazu, kar mu ɓata lokaci, mu miƙe Shara'i ko Allah zai sa. Mutumin kirki ne, ya yi gudu iyakar yinsa, amma motar gawa ana buɗe mata hanya, mu ba a buɗe mana. Wajen Aziziyya muka tsaya cak a bayan motocin masu umara. Ina kallon fitilar hanya tana canzawa sau uku ba mu motsa ba. Ya yi ta ce mini in yi salati. Na yi.

Da na shiga maƙabartar mutane sun fara fitowa. A ƙarƙashin rumfar da ake tsayawa karɓar gaisuwa na hango Kawu da mijin Yaya da abokan sana'ar Baba a jere. Gwiwoyin farar rigar Kawu sun yi ja da ƙasa. Ya gan ni, ya matsa gefe ya buɗe mini wuri kusa da shi.

“Shiga layi.”

Na shiga. Mutane suna wucewa suna dafa kafaɗata suna yi mini addu'a, wasu na cewa sannu da ƙoƙari. A cikin gudun nan da cunkoso, da yawa ba su lura ba na nan ba. Waɗanda suka lura suka kalli ƙasa.

Da aka watse Kawu ya kama hannuna muka taka zuwa layin. Fili ne shimfiɗe, duwatsu a jere har inda ido ya tsaya. Guda shida sababbi, an yayyafa musu ruwa, ƙasar ta yi duhu. Ya tsaya a gaban ɗaya ya ce wannan ne. Sai kuma ya ce, ko na kusa da shi, an rufe su kusan tare, shi kuma yana fitowa daga ramin jiri ya ɗebe shi. Mijin Yaya ya ce na kusa ɗin ne. Na tsaya a tsakanin biyun na yi addu'a. A can gefe na yi la'asar ɗina ni kaɗai, da alwalar azahar.

A mota Kawu bai tambaye ni inda na shiga ba. Yana tuƙi yana kallon gaba ya fara magana kamar da gilashin yake yi. Ya ce su biyu suka sauka, shi da mijin Yaya. An miƙo shi ta wajen ƙafa. Ba shi da nauyi. Ƙulli uku ne, na kai, na tsakiya, na ƙafa, na tsakiyar ya ɗan yi tauri. An kwantar da shi a gefen dama, aka tokare bayansa da ƙasa don kar ya juya. Cikin ramin da sanyi, ba kamar waje ba. Ya faɗi wannan duka a hankali, ya sake maimaita wajen ƙullin.

“Uwarka ba ta san an neme ka ba. Yayarka ta ce mata ka wuce wurin wanka tun azahar.”

“Kawu, ni fa ban...”

“Ban tambaye ka ba. Ƙanwata ce, na san abin da za ta iya ɗauka yau.”

Muka iso ana shirin jera kujerun zaman makoki a lungu. Ban ko wanke fuska ba Yaya ta ce Umma na kira. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa, Yayar.

Umma ta sa matan suka fita. Na durƙusa a gabanta.

“Auta, ka gani?”

“Na gani, Umma.”

“Wa ya sauka?”

“Ni da Kawu.”

Daga nan bakina ya tafi da kansa. Ƙulli uku, na tsakiya ya yi tauri. Gefen dama. An tokare bayansa. Da ta ce da zafi a ciki, na ce a'a Umma, da sanyi, ba kamar waje ba. Ta lumshe ido ta ce alhamdu lillahi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta. Sai ta kamo hannayena ta juya su. Tafin duk ƙasa ne da ƙujewa, na faɗuwar da na yi a ɓaraguzan tudu. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗora su a fuskarta, a nan ne ta fara kuka, ta ce kar in wanke tukuna, in bar mata su kaɗan.

Na bar mata su.

Yau wata bakwai ke nan. Ta fita takaba. Duk wanda ya zo gaisuwa, duk saƙon murya da ta aika wa dangi a Kano, sai ta sa a ciki: auta ne ya kwantar da shi da hannunsa. Tana faɗar na tsakiyar da ya yi tauri kamar ita ta kwance. Idan Kawu yana wurin sai ya ce haka ne, ya kurɓi gahawarsa. Yaya kan tashi ta shiga kicin. Ni da ita ba mu taɓa tayar da maganar ba, amma ta daina aiko mini da abin dariya a waya.

Na je ofishin maƙabartar na karɓo lambar. Mijin Yaya ne ya yi daidai, na kusa ɗin ne. Ban kai wa Umma ba, ta riga ta ce ba ita take so ba.

Faifan kuma, na san abin da kuke jira in ce. Ammu ma da ya ji labarin a bakin wani, bai yi tsiya ba, ya ce kawai in goge shi in huta. Na kai yatsa sau da yawa. Da zan iya cewa banza ne, ko shaiɗan ne ya ƙawata mini shi, da na samu wurin ajiye laifin. Amma ba su suka ce in kashe layi ba, ba su suka ce in mayar da shi farko ba, suna can ƙasarsu ba su san akwai wata Nakkasa ba. Kuma har gobe ban ji abin da ya kai ta biyar ɗin nan ba, wannan ita ce gaskiyar da ta fi ba ni kunya. Ina jin sa har yanzu, amma da kunne ɗaya, layi a buɗe. A haka rabin abin ba ya fitowa, sarƙar tana ɓacewa gaba ɗaya don a kunnen hagu suka sa ta. Shuɗin ɗakin ma an kwashe shi.

Makon da ya wuce ina gyara wa Umma carbinta da ya tsinke, tana zaune tana kallona, sai ta ce hankalinta a kwance yake yanzu. Na ce da me fa? Ta ce idan tata ta zo ba ta son kowa ya sauka sai ni, tunda na riga na iya.

Ban iya ba. Ban taɓa sa ƙafa a cikin kabari ba. Saboda haka ranar Juma'a na bi wata jana'iza daga Harami, ta wani tsoho ɗan umara da ba shi da kowa sai mutum biyu, na roƙi ma'aikatan su bar ni in sauka. Suka bar ni. Na yi ta gaggawa har wani daga sama ya ce in yi a hankali, ba sauri ake ba yanzu. Da sanyi a ciki, Kawu bai yi ƙarya ba. Zan koma wannan Juma'ar ma.

Abin da ban sani ba shi ne ko in faɗa mata. Kawu ya ce in na faɗa, kaina na sauke wa kaya na ɗora mata. Wani malami ɗan Sakkwato da ke karatu a nan, da na tambaye shi ba tare da na ce ni ne ba, ya ce a yi istigfari, amma bai ce a faɗa ba, bai ce kar a faɗa ba. Umma ba ta karanta boko, shi ya sa na iya rubuta wannan. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa riƙe wa uwarsa irin wannan, ya faɗa mata ko ya yi shiru har ta tafi, ina so in ji yadda ta kasance masa daga baya. Waɗanda abin bai taɓa samu ba na riga na ji nasu.